Yadda Ake Mayar da Tsohuwar Tashar Tururi Zuwa Tsarin Haɗakar Gas da Tururi, Mataki Bayan Mataki

Tambayar da masu karatu suka fi maimaita mini ita ce: idan tashar wutar lantarki mai aiki da tururi ta tsufa, tana cin makamashi da yawa tana ba da wuta kaɗan, ta ina ake fara aikin ɗora mata turbin mai ƙona gas, kuma wane mataki ne ke gaba da wane? A taƙaice, aikin shi ne a kafa turbin ɗin gas, wato inji mai fukafukai da gas ɗin da aka ƙona ke juyawa shi kuma ya juya janareta, a bi da hayaƙinsa mai zafi ta cikin sabuwar tukunya domin ya dafa ruwa, sannan a tura tururin zuwa tsohon turbin ɗin da ke tashar tun asali. Tsohuwar tasha takan mayar da kashi 33 zuwa 38 cikin ɗari na zafin makamashinta zuwa lantarki, wadda aka sabunta da kyau kuwa takan haura kashi 50. Abin da nake so a riƙe tun daga nan shi ne, tsohon turbin ɗin tururi ne ke yanke hukunci a kan girman duk abin da za a saya, saboda haka wanda ya fara da zaɓen turbin ɗin gas ya fara aikin daga ƙarshe.

1. Gas da layin wuta

Kafin a kashe kuɗi a kan kowane zane, a tabbatar da abubuwa biyu a rubuce. Na farko shi ne iskar gas: yawanta, tsawon shekarun da za a riƙa samunta, da kuma matsin da take isowa da shi bakin tashar. Manyan turbin ɗin gas suna bukatar matsi na wajen bar 25 zuwa 45 gwargwadon samfurinsu (bar ɗaya kusan daidai yake da matsin iskar sarari a doron teku), kuma idan bututun da ke kawo gas ɗin bai kai haka ba, dole ne a sayi injin matse gas, wanda shi kansa yana da tsada kuma yana cin wani kaso na wutar da tashar ke samarwa. Na biyu shi ne layukan dakon wuta. Cikakken sabuntawa yakan ninka ƙarfin rukunin da aka taɓa, wato tukunya da turbin da janaretansu, sau biyu zuwa uku, don haka a nemi hukumar da ke kula da babban layi ta yi nazarin ko layukan za su ɗauki ƙarin, da kuma ko na'urorin katse wuta na farfajiyar tashar za su jure ƙarfin wutar da kan kwarara idan layi ya haɗu, tunda sababbin janaretoci suna ƙara shi.

Gargaɗi: a karɓi samfurin gas ɗin a kai ɗakin gwaji. Ɗigon ruwa ko na mai da ya shiga ɗakin ƙonawa yana lalata shi, shi ya sa ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ɗumama gas ɗin ya haura zafin da yake fara zama ruwa da kimanin digiri 28 a ma'aunin Salshiyas.

2. Binciken lafiyar tsohon turbin

Wannan binciken ba ya yiwuwa sai an tsayar da rukunin an buɗe turbin ɗin, saboda haka a haɗa shi da lokacin babban gyaran da aka riga aka tsara. Tun kafin ranar, a tattaro littattafan aiki: sa'o'in da injin ya yi yana juyawa, sau nawa aka tayar da shi daga sanyi, sau nawa ya katse ba shiri, da rahoton duk wani gyara da aka taɓa yi masa. Injin da ya haura sa'o'i 200,000 yana bukatar cikakken lissafin sauran rayuwarsa, domin ƙarfen da ya daɗe a zafin digiri 540 yana miƙewa a hankali, yawan tayarwa da kashewa kuma yana haifar da tsaga a wuraren da suka fi kauri.

Kayan aikin da ake bukata sun haɗa da na'urar gano tsaga ta hanyar sauti, wadda ake zura wa cikin ramin sandar juyi, wato sandar da ke ɗauke da fukafukan turbin, idan tana da rami, da garin ƙarfe da maganaɗisu domin tsagar da ke kusa da fata, da ruwan rini mai shiga tsaga, da na'urar auna taurin ƙarfe, da kayan ɗaukar zanen fuskar ƙarfe domin a duba shi da madubin ƙara girma. Wuraren da suka fi cancantar a daɗe a kansu su ne gindin fukafukai, musamman na layin ƙarshe inda tururi ke fara jiƙewa yana zaizaye ƙarfe, da akwatunan bawul, da wuraren walda na manyan bututun tururi. A duba naɗin wayoyin janareta da lafiyar taransifoma a wannan lokacin. A kuma duba kwandensa, wato na'urar da ke sanyaya tururi ya koma ruwa, a ƙirga bututunta nawa aka riga aka toshe saboda yoyo, a rubuta irin ƙarfen da aka yi su da shi, domin wannan bayanin zai yi amfani a mataki na 4 da na 6.

Gargaɗi: kada a dogara da alƙaluman da ke kan allon injin ko takardun masana'anta na shekarar da aka kafa shi. A yi sabon gwajin aiki, a auna ainihin tururin da ke shiga da matsin kowane sashe. Idan binciken ya nuna sandar juyi ba za ta ƙara shekara 20 ba, a saka kuɗin sabuwa cikin kasafi tun yanzu, ko kuma a yarda cewa gina sabuwar tasha a filin ya fi dacewa.

3. Zaɓen salon sabuntawa

Salo huɗu ne aka sani. A cikakken sabuntawa ana ajiye tsohuwar tukunya gaba ɗaya, sabuwar tukunyar kama zafin hayaƙi, wadda injiniyoyi ke kira HRSG, ta maye gurbinta. Shi ne ya fi tsada, shi ne kuma ya fi ba da riba a inganci. Haka aka yi a tashar Peterhead ta Sikotland a shekarar 2000, inda turbin ɗin gas uku na Siemens suka koma ciyar da ɗaya daga cikin tsofaffin turbin ɗin tururi masu megawat 660, haka kuma aka yi a Tampa ta jihar Fulorida a Amurka, inda tashar kwal ta Gannon ta zama Bayside a 2003 da 2004, da turbin ɗin gas bakwai a kan tsofaffin turbin ɗin tururi biyu.

Salo na biyu shi ne a tura hayaƙin turbin ɗin gas cikin tsohuwar tukunya a matsayin iskar ƙonawa, tunda har yanzu yana ɗauke da iskar oksijin kimanin kashi 13 zuwa 15 cikin ɗari. An yi wannan a tashoshi da dama a ƙasar Holan cikin shekarun 1980. Yana da wahalar aiki, domin sai an sake kawunan ƙonawa, an faɗaɗa hanyoyin iska da ƙarfen da ke jure zafi, kuma rukunin yakan daɗe a tsaye. Salo na uku shi ne a yi amfani da hayaƙin wajen ɗumama ruwan da ke shiga tsohuwar tukunya kawai, wanda ya fi sauƙi kuma ribarsa ta fi ƙanƙanta. Na huɗu shi ne sabuwar tukunya da tsohuwa su riƙa ba turbin ɗaya tururi tare.

A ganina, idan tsohuwar tukunya ta gaji, kada a ɓata lokaci a kan salo ukun ƙarshe, domin dukansu sun dogara da ita. Sauran matakan da ke ƙasa sun shafi cikakken sabuntawa ne.

4. Lissafin tururi

A nan ne aikin ke gyaruwa ko ya lalace. A tsohon tsari, ana zarar tururi daga ƙofofi shida zuwa takwas a jikin turbin domin ɗumama ruwan da ke komawa tukunya, har ya zama kusan kashi ɗaya cikin uku na tururin da ya shiga ba ya isa layin fukafukai na ƙarshe. A kan wannan ragowar aka auna girman sashen ƙaramin matsi da kwandensa. A sabon tsari kuwa hayaƙi ne ke ɗumama ruwan, don haka ana toshe ƙofofin, kuma sabuwar tukunya tana ƙaro tururi mai matsakaicin matsi da mai ƙaramin matsi a tsakiyar hanya. Sakamakon shi ne tururin da ke fita ta ƙarshen turbin ya fi wanda ya shiga ta farkonsa yawa, akasin yadda aka ƙera injin.

Saboda haka ana fara lissafin ne daga baya. A tambayi masana'antar da ta ƙera turbin ɗin, ko wani kamfani da ya ƙware a irinsa, iyakar tururin da layin fukafukai na ƙarshe zai ɗauka ba tare da ya wahala ba, da iyakar zafin da kwandensa da ruwan sanyaya za su kwashe a ranar da ta fi zafi a shekara. Daga wannan iyakar ake cire tururin da za a ƙaro a tsakiya, abin da ya rage shi ne adadin da za a bari ya shiga ta bakin turbin, kuma kusan kullum yakan gaza na asali. Shi ya sa tsohon turbin yakan ba da wuta ƙasa da abin da aka rubuta a allonsa bayan sabuntawa. Wannan ba gazawa ba ce, kuma ya kamata a faɗa wa masu zuba jari haka tun farko.

Abubuwa biyu ne ke biyo bayan raguwar tururin. Matsin bakin turbin yana sauka daidai da yadda tururin ya ragu, ta yadda injin da aka ƙera a kan bar 165, idan ya koma karɓar kashi 70 cikin ɗari na tururinsa, zai zauna a wajen bar 115, kuma a kan wannan sabon matsin za a zana tukunya. Sannan rabon matsi a tsakanin sassan injin yana sauyawa, wanda ke sauya ƙarfin da ke tura sandar juyi gaba ko baya. Idan ba a sake lissafa wannan ba, boris ɗin da ke tare turawar zai yi zafi ya cinye, fukafukai su gogi jikin injin. Sau da yawa maganin shi ne a sake fukafukan layukan farko su dace da ƙarancin tururi, a buɗe sabuwar ƙofa ta shigar tururi mai ƙaramin matsi, wani lokaci kuma a sauya layin ƙarshe da fukafukai masu tsawo. Ana yin lissafin da manhajar daidaiton zafi irin su Thermoflow ko Ebsilon, kuma a maimaita shi a kan cikakken lodi, da rabin lodi, da lokacin da turbin ɗin gas ɗaya kaɗai ke aiki.

Gargaɗi: kowace ƙofar da aka toshe tana bukatar magudanar ruwa. Guntun bututun da aka bari a rufe yana tara ruwa, kuma ruwan da ya faɗa cikin turbin mai zafi yana iya lanƙwasa sandar juyi cikin 'yan mintoci.

5. Zaɓen turbin ɗin gas

Yanzu ne aka san yawan zafin da ake bukata, sai a nemi injin da hayaƙinsa zai samar da shi. Ƙa'idar farko mai sauƙi ce: ɓangaren gas yakan ba da kashi biyu cikin uku na wutar, ɓangaren tururi kashi ɗaya. Misali, turbin mai megawat 300 wanda lissafi ya nuna zai koma ba da 230 zai bukaci turbin ɗin gas da jimillar ƙarfinsu ta kai wajen 460. A lura da zafin hayaƙi, wanda ke kamawa daga wajen digiri 540 a tsofaffin samfura zuwa sama da 600 a sababbi. Domin a samu tururi mai digiri 540, wajibi ne hayaƙin ya fi shi zafi da tazara mai kyau, in ba haka ba sai an ƙara kawunan ƙonawa a bakin tukunya. Injin biyu matsakaita sun fi ɗaya babba sauƙin sarrafawa, tunda tashar za ta ci gaba da aiki idan ɗaya yana gyara, amma sun fi shi tsada da cin wuri.

Gargaɗi: alƙaluman da masana'antu ke bugawa an ɗauke su ne a zafin digiri 15, a daidai doron teku. Kowane digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi yana rage ƙarfin injin da fiye da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, kowace mita 100 ta tudu kuma tana rage kusan kashi ɗaya. A nemi alƙaluman da aka gyara su a kan yanayin filin da kansa.

6. Zanen sabuwar tukunya da bututu

Ga manyan tashoshi an fi amfani da tukunya mai matakan matsi uku tare da sashen sake ɗumama tururi. Tazarar zafi tsakanin hayaƙi da ruwan da ke tafasa a inda suka fi kusa takan kasance digiri 8 zuwa 15. Rage ta yana ƙara tururi, amma yana ƙara yawan bututu da kuɗi, kuma yana ƙara toshe wa turbin ɗin gas numfashi, alhali kowane milibar 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na bar, na ƙarin matsi a bayansa yana cin kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙarfinsa. Da gas mai tsabta, hayaƙi yakan fita a wajen digiri 80 zuwa 100. Idan za a riƙa ƙona man dizal a matsayin madadi, dole ne a ɗaga wannan zafin saboda sinadarin sulfa, kuma a kowane hali a saka famfon da ke mayar da ruwan zafi bakin tukunya, domin ruwan kwandensa mai sanyi yana sa raɓa ta kwanta a kan bututun ƙarshe su yi tsatsa.

Abin da ba a yin rowa a kansa shi ne hanyar kewaye, wato bututu da bawul da ke kai tururi kai tsaye zuwa kwandensa ba tare da ya bi ta turbin ba. Turbin ɗin gas yana kai cikakken ƙarfi cikin mintoci, tsohon turbin mai kaurin jiki kuwa yana bukatar sa'o'i kafin ya ɗumama daga sanyi, kuma hanyar kewaye mai ɗaukar dukan tururin ita ce ke ba kowannensu damar tafiya da saurinsa. A tabbatar an ƙarfafa wuyan kwandensa inda tururin zai faɗa. A kuma bar gurbi a cikin tukunya, inda zafi ke tsakanin digiri 300 da 400, domin na'urar rage gurɓataccen hayaƙin naitirojin, ko da dokar yau ba ta tilasta ta ba.

Gargaɗi: idan bututun kwandensa na gaurayen tagulla ne, sinadarin amoniya da sabuwar tukunya ke bukata da yawa zai riƙa cin su, tagullar kuma ta je ta kwanta a kan fukafukai. A sauya su, ko a zauna da masanin sinadaran ruwa kafin a kammala zane.

7. Kasafi da kwangila

Kuɗin ya kasu zuwa sababbin injuna, wato turbin ɗin gas da janaretocinsu da taransifomominsu da tukwane, sai gyaran tsohon turbin da kwandensa, sai bututun gas da faɗaɗa farfajiyar wuta, sai sabon tsarin sarrafawa na kwamfuta, sai rushe-rushe da gini. Abin da ake tsira da shi idan aka kwatanta da sabuwar tasha shi ne fili, da ginin turbin, da tsarin ruwan sanyaya, da wani ɓangare na layukan wuta. Abubuwa uku ne aka fi mantawa da su: kuɗin wutar da ba a sayar ba a watannin da rukunin ke tsaye, kuɗin cire asbestos, wato abin rufe zafi mai cutar da huhu, daga tsofaffin bututu, da yarjejeniyar gyaran turbin ɗin gas ta dogon lokaci, tunda a tsarin da aka saba ana duba ɗakin ƙonawa bayan sa'o'i 8,000, hanyar hayaƙi mai zafi bayan 24,000, babban gyara kuma bayan 48,000. Kuɗin ko-ta-kwana ya kamata ya fi na sabon gini, saboda tsohon fili yana ɓoye bututu da wayoyin da ba su cikin zane.

Lissafin riba yana farawa daga nan: kilowat ɗaya na tsawon sa'a daidai yake da kilojul 3,600, don haka tasha mai ingancin kashi 35 tana ƙona wajen kilojul 10,300 domin ta samar da shi, mai kashi 54 kuma wajen 6,700. A ninka kowanne da farashin makamashinsa da sa'o'in aiki na shekara. Idan daga kwal ake komawa gas, hayaƙin kabon na kowane kilowat yakan ragu da fiye da rabi.

Gargaɗi: masu ƙera injuna suna faɗin inganci a kan ƙaramin ma'aunin zafin gas, wanda ba ya ƙirga zafin da ke tafiya da tururin cikin hayaƙi, masu sayar da gas kuma sukan yi ciniki a kan babban ma'auni, wanda ke ƙirga shi, kuma tazarar ta kai kusan kashi 11 cikin ɗari. A kuma rubuta a kwangila, dalla-dalla, wanda ke da alhakin aikin tsohon turbin, domin ɗan kwangila ba ya son lamunin injin da ba shi ya ƙera ba.

8. Gini da haɗawa

A gina duk sabon ɓangare yayin da tsohon rukunin ke ci gaba da aiki, a bar haɗa bututu da gyaran turbin zuwa lokacin da bukatar wuta ta fi ƙasa a shekara. A auna tsohon ginin da na'urar leza kafin a yanka bututu ko ɗaya, a kuma bi hanyar da manyan kaya za su biyo, gada bayan gada. A matso da tukunya kusa da ɗakin turbin iyakar yadda fili ya bari, domin dogon bututu yana zubar da matsi da zafi, kuma miƙewarsa tana danna bakin turbin.

9. Tsaftacewa, tayarwa da gwaji

Tsarin shi ne gwajin matsi da ruwa, sai wanke cikin tukunya da sinadarai, sai kunna turbin ɗin gas karon farko, sai hura bututu da tururi ta hanyar wucin gadi har farantin gwajin da aka sa a bakin fita ya daina nuna tabon tsakuwa ko ɓurɓushin walda. Bayan haka sai a bi da tururi ta hanyar kewaye tukuna, har sai gwajin ruwa ya nuna ya tsarkaka, sannan ne kawai ake barinsa ya shiga turbin. Kafin kowace kunnawa ana kore ragowar gas daga tukunya da iska, kuma ƙa'idar NFPA 85 ta Amurka, wadda ta shafi kare tukwane daga gobara da fashewa, ta nemi a sauya iskar ciki aƙalla sau biyar.

Gargaɗi: kada a tsaftace bututun gas ta hanyar hura gas ɗin kansa zuwa sarari. Wannan ne ya jawo fashewar tashar Kleen Energy da ake ginawa a jihar Konetikat ta Amurka a watan Fabrairun 2010, inda mutum shida suka rasu. A yi amfani da iska ko naitirojin.

Ana gwajin ƙarshe bisa ƙa'idar ASME PTC 46 ta ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka, wadda ke auna tashar gaba ɗaya, da na'urorin awo da aka daidaita kwanan nan, kuma da jadawalin gyaran alƙaluma da ɓangarorin biyu suka sa wa hannu tun kafin ranar. A fara horar da ma'aikata watanni kafin tayarwa, domin wanda ya saba da tukunya mai tafiya a hankali yana bukatar sabon hannu a kan injin da ke sauya lodi cikin daƙiƙoƙi. A shekarar farko a riƙa bibiyar zafin boris mai tare turawa, da girgizar sandar juyi, da yawan ruwan da ake fesawa domin rage zafin tururi, kuma a tsayawar farko a auna kaurin gwiwoyin bututu na sashen ƙaramin matsi a cikin tukunya, domin a zafin wajen digiri 150 ne ruwa mai gudu ya fi saurin cin ƙarfe daga ciki.